Ranar da Kelu Ya Ƙi Ɗaure Govindan

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar Govindan a bayan motata, ban taɓa jin ya yi wari irin na safiyar nan ba. Ba warin kashi nake nufi ba, wannan mun saba. Wanda ke jigilar toron giwa daga biki zuwa biki ba ya yi wa kashi yanga. Warin nama ne da ya fara lalacewa. Tun muna kan hanyar Palakkad iska ke kaɗo mini shi ta taga, na yi ta tofar da yawu ina zagin masu zubar da mushe a bakin titi, ashe abin a bayana yake.

Sunana Haidros, direba ne ni, kuma mutane sun ce ina da baki. Ban musa ba. Motar da nake kira tawa ta maigidanmu Mudalali Sadanandan ce, wanda ya yi shekara ashirin a Dubai ya dawo da tumbi da Turanci. Da ya tashi sayen Govindan, sai ya haɗa da motar da ni da Kelu duk a ciniki ɗaya, kamar yadda ake sayen gida da ɓerayensa. Kelu shi ne makiyayin Govindan na farko, ɗan ƙaramin tsoho ne baƙi wanda iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, shekararsa ashirin da huɗu tare da toron. Na biyu shi ne Vasu, ƙato, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya gaji da zama na biyu.

Kowace shekara toron giwa yana da watanninsa na hauka. Wani ruwa mai yauƙi ya riƙa tsatsowa daga gefen kansa, ya manta da kowa har mai ba shi abinci. A lokacin ɗaure shi ake yi a jikin itace sai abin ya wuce. Wanda ya san aiki yakan lallaɓa da doguwar ƙugiya yana motsa sarƙar kowane kwana biyu, don kada ta zauna wuri guda ta ci fata. To bana sai aka kwantar da Kelu a asibiti aka yi masa aikin ido, mako biyar cur. Vasu ya riƙe. Shi kuwa Vasu riƙon kwalbar giyar kwakwa ya fi iyawa. Kafin Kelu ya dawo, sarƙa ta zagaye ƙafar baya ta dama ta shiga nama.

Kelu bai yi faɗa ba. Ya zauna ya yi ta wanke ciwon safe da yamma yana cika shi da gangamau da man kwakwa, har ya fara kamewa. Da bikin Kallambara ya matso ya ce wa Mudalali toron ba zai je ba. Mudalali ya ce haba, ai ba jeri zai shiga ba, a inuwa kawai zai tsaya mutane su gan shi su ba shi ayaba, ba wanda zai taɓa ƙafar. Da wannan alkawarin muka taho.

Mun sauke shi da hantsi a gonar kwakwa da ke bayan haikali. Watan Minam ne, tsakiyar bazararmu, zafi tun safe kamar ana hura wuta. Kelu ya kwance masa sarƙoƙin tafiya duka don ya yi masa wanka, ya jawo tiyo, ya ɗauki ɓawon kwakwa ya fara cuɗa daga wuya. Ni ina zaune a kan tayar mota ina jiran shayina ya huce. Da ya gangaro ƙafar baya sai na ga ruwan da ke zuba ya koma baƙi ƙirin. Idonsa bai gama warwarewa ba, don haka ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fatar. Ya dangwala da yatsa ya shinshina.

"Kai Vasu! Zo nan."

Vasu ya taho yana soshe-soshe.

"Uban wa ya shafa masa wannan?"

"Yaya Kelu, ni fa ɗan aike ne. Mudalali ya ce likita za ta zo duba su da rana, kada ta ga ja."

"Mene ne a ciki?"

"Garin gawayi ne kawai... da ɗan giris."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Wane giris? Na gwangwanina da ke ƙarƙashin kujera?"

"Yaya Haidros, kaɗan na ɗiba."

"Kaɗan ka ci gidanku! Giris ɗin da nake shafa wa ƙarfe shi ka cusa a cikin naman dabba ya kwana?"

Kelu ya kama wankewa a hankali, yana yi wa toron magana ƙasa-ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da baƙin ya fita sai ga ciwon ya buɗe baki, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, gefensa ya yi ruwan ɗorawa, ƙudaje kuwa kamar da gayya aka kira su. Aikin wata guda ya lalace a dare ɗaya. Na ji kunya ta kama ni kamar ni na shafa, don gwangwanina ne.

Muna cikin haka sai ga Mudalali, ya ɗaura farin mundu mai bakin zinariya, zanen da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, da takarda a hannu. A wajenmu in babba ya taho, wanda ya naɗe mundunsa zuwa gwiwa yakan sake shi ya sauka. Vasu ya saki nasa. Ni ma na saki nawa, hannu ne ya saba. Kelu ya bar nasa a naɗe.

"Albishirinku," in ji Mudalali. "Tsakiya aka ba mu."

Giwaye tara ne ke jerawa a Kallambara, na tsakiya shi ke ɗaukar allon zinariya na allahiyar garin. Shekara shida Mudalali yana bin wannan matsayi kamar mai neman aure. Ashe tun mako biyu da suka wuce aka ba shi, ya yi shiru da bakinsa.

"Mudalali, ka ce a inuwa zai tsaya," in ji Kelu.

"Na ce. Yanzu kuma na ce tsakiya. Wa ya wanke wannan? Vasu, maida shi. Sannan a sa masa dabaibayi."

Ya ɗaga takardar, ta kwamitin biki ce, ya karanto ta da Turanci yana jan murya. Akwai wata kalma da ya yi ta nanatawa yana buga takardar da yatsa. Daga baya na tambayi 'yata da ta yi makaranta, ta ce da ita ake kiran ɗamarar kujerar mota, da ita ake kiran ɗaure mahaukaci a gado, da ita kuma ake yabon mutumin da ya haɗiye fushinsa. Na ce lallai Turawa sun iya rowa. Amma a bakin Mudalali ran nan abu ɗaya take nufi: ba toron da zai shiga fili sai da sarƙa ta haɗa ƙafafunsa na baya biyu. Ƙafa biyu kuwa ba su haɗuwa sai an zagaye mai ciwon.

"Awa biyar zai yi a tsaye a rana," in ji Kelu, "ƙarfe yana goga wannan wurin. In ya kai ƙashi, ƙafar ta tafi. Giwa kuwa ba ta tafiya da sanda kamar ni da kai."

"Yini ɗaya ne."

"Dare ɗaya ne ya mai da shi haka."

"Kelu, ban zo shawara ba."

"Ni ma ba ita nake bayarwa ba. Ƙarfe ba zai hau ƙafar nan ba ina numfashi."

Mudalali ya yi murmushin nan nasa na mutumin da ya shirya tun a gida. "To shi ke nan. Daga yau Vasu ne na farko. Akwai mutum huɗu a mararraba suna jira, za su taya shi karɓa."

Na san ma'anar karɓa. Na taɓa gani sau ɗaya a wani gida, kuma ba na fatan sake gani. In za a sauya wa toro makiyayi da gaggawa, ɗaure shi ake yi tamau, ƙarti su kewaye shi da sanduna su yi ta jibga, yini ɗaya, biyu, uku, har sai ya daina neman tsohon ya sunkuya wa sabon. Mudalali ya sa Kelu a tsaka mai wuya: ko ya ɗaure ƙafar da hannunsa, ko ya tafi a ɗaure ta a bayansa, da duka a kai.

Kelu ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya tofar da jan yawun ganyen da yake taunawa. Daga nan ya je jikin mota ya ɗauko doguwar sandarsa, wadda ta fi shi tsawo, ya ja Govindan da haure zuwa inda inuwa ta fi kauri. Ya kafa gindin sandar a ƙasa, ya jingina kanta a jikin ƙafar toron ta gaba. Ya faɗi kalma ɗaya. Sai ya juya, ya wuce ta gaban Mudalali kamar ba ya wurin, ya je rumfar mai shayi da ke bakin gonar ya zauna a benci.

"Shayi ɗaya, ban da sukari. Da soyayyar ayaba."

Duk makiyayin giwa yana yin haka in zai zaga bayan gida ko zai sayi taba. Muddin sandar na jingine, toro ba zai ɗaga ƙafa ba, don ya san ba a yarda ta faɗi ba. Minti biyar ake yi, in ya yi yawa goma. Kuma ana yi ne toro na ɗaure, don dai ya natsu. Amma ga Govindan tsaye ba ko zare a jikinsa, sarƙoƙinsa tuli guda a gindin kwakwa inda aka zubar da su don wanka, mutane kuwa sun fara kwararowa biki.

"Me kake jira?" Mudalali ya daka wa Vasu tsawa. "Ɗauke sandar ka ɗaure shi!"

Vasu ya saɓi sarƙa ya nufi toron. Taku goma, taku takwas. Kunnuwan Govindan da ke ta fifita suka tsaya cak. Ya naɗe hancinsa ciki. Bai motsa ƙafa ko ɗaya ba, ido kawai ya juyo ya ɗora a kan Vasu. Mashayi ne Vasu, amma ba jahili ba ne a wannan aiki, ya san abin da ke biyo bayan hancin da aka naɗe. Ya tsaya a inda yake, sarƙa na ƙara a kafaɗarsa don rawar jiki.

"Ƙarasa mana, na farko!" in ji mai shayi daga rumfa. "Ko mu kawo maka kwalba ka ƙara ƙarfin zuciya?"

"Ai ya gane mai giris ɗinsa," in ji ni. "Je ka ku gaisa."

'Yan kallo suka fashe da dariya. Vasu ya ajiye sarƙar a hankali kamar ƙwai, ya ja da baya bai juya ƙeya ba.

Mudalali ya waiwayo kaina. "Haidros, tashi motar ka je mararraba ka kwaso mutanen nan."

"Inji ya yi zafi, Mudalali."

"Awa biyu ke nan da ka kashe ta."

"Shi ya sa. Ta yi sanyi da yawa."

"Wasa kake da ni? Ba ni makullin."

Ina da 'ya'ya uku da uwa mai ciwon sukari, kuma ba kowace rana ake samun motar giwa ba. Na tuna da wannan duka, wallahi na tuna. Amma warin nan yana hancina tun safe, zuciyata kuma ta riga ta hau. Na zare makullin daga aljihu, na nuna masa shi, na wurga shi a hankali ya je ya faɗi tsakanin ƙafafun Govindan.

"Ga shi can, ranka ya daɗe. Ɗauko."

Na sake naɗe munduna zuwa gwiwa, na je na zauna kusa da Kelu. Bai kalle ni ba, ya dai turo mini rabin ayabarsa.

Ƙartin nan huɗu da ƙafa suka zo daga baya, an aika musu. Suka tsaya nesa suka dubi toron, suka dubi tulin sarƙa, suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Mudalali, mu ɗaurarre muke duka. A ɗaure mana shi tukuna." Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Suka nemi inuwa suka zauna, har ɗayansu ya sayi rake.

Rana ta take. Ganguna suka fara tashi daga cikin haikali, ana ta yi wa sauran giwaye takwas kwalliyar goshi. Shugaban kwamiti, wani tsohon malamin makaranta, ya zo yana ta share gumi da tawul, ya roƙi Kelu, ya roƙi Mudalali, ya koma ya sake roƙon Kelu. Kelu ya ce a ja igiya a nisanta mutane, aka ja. Shayinsa na uku ya huce a gabansa, idonsa mai lafiya yana kan toron bai ɗauke ba ko sau ɗaya.

Da sha biyu ta buga aka fasa tukwanen albarushi na tsakar rana, guda ashirin da ɗaya a jere. Ƙasa ta girgiza, hankaki suka watse daga kan kwakwa, giwayen da ke ɗaure suka yi ta jan sarƙa suna kuka. Na ga fatar Govindan tana rawa tun daga kafaɗa har gindin wutsiya. Ya saki fitsari kamar an ɓalle famfo. Na ce a raina yau mun kashe mutane, na fara salati a bayyane. Hannun Kelu ya damƙi bakin benci har jijiyoyi suka fito. Ƙarar ta wuce, hayaƙi ya baje, sandar tana nan a jingine.

A cikin hayaƙin nan likitar dabbobi ta iso, Dakta Sarala, gajeruwar mace mai furfura, wadda ke duba giwaye kafin a jera su. Ta ga toro tsaye ba ɗauri, ta tsaya turus.

"Na wane ne wannan? Wane mahaukacin ne ya bar shi haka?"

Kelu ya miƙe. Ita ya sakar wa mundu. "Ni ne, Dakta."

"Kelu! Da girmanka? Ka san yara nawa ne a bayan igiyar can? Da ya ɓalle fa?"

"Da ni zai fara takawa, na zauna a kan hanyarsa ne."

"Wannan ba amsa ba ce, kai ma ka sani."

"Na sani. Zo ki ga ƙafar, sannan ki ƙarasa zagina."

Ya shige gaba ta bi shi. Ta durƙusa ta duba, ta daɗe. Ta lakato wani baƙi-baƙi da ya maƙale a gefen ciwon ta murza a yatsa. Mudalali ya matso iya inda tsoro ya bar shi, ya fara zuba mata Turanci yana ɗaga takarda. Ta bar shi ya gama, sannan ta amsa masa da yarenmu, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Toron nan ba zai shiga jeri ba, yau ko gobe. Wata uku ba biki, ba ƙarfe a ƙafar nan. Zan zo gidanka da kaina in duba."

Shugaban kwamiti ya ruga ya sanar a ɗora allon zinariya a kan wani toron. Muna ji aka sauya kiɗa, jama'a suka ɗauki sowa, an fara jeri ban da mu. Shekara shida na bin ƙafa sun tafi a banza. Fuskar Mudalali ta kumbura, har na ɗan ji tausayinsa, amma bai daɗe ba.

"Ka ci amanata a gaban duniya," ya ce wa Kelu. "Na kore ka. Ɗauki sandarka ka ɓace mini da gani!"

"In ɗauka?"

"Kurma ne kai?"

Kelu ya taka ya je ya ɗora hannu a kan sandar. Bai ɗaga ba. "To zan ɗauka in kama hanyar tasha. Kafin nan nuna mini wanda zan bar wa shi, don in san na yi sallama."

Mudalali ya dubi Vasu, Vasu ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙartinsa, mai rake ya ci gaba da shan rakensa. Ya dubi igiyar da mata da yara suka yi dafifi a bayanta. Dakta Sarala ta harɗe hannu tana jira.

"Me kake so?" in ji shi, murya ta dushe.

"Korar na karɓa. Ba zan ƙara cin shinkafar mutumin da ya yi mini ƙarya a kan ƙafar nan ba, ko ka roƙe ni. Amma ba yau zan tafi ba, sai ciwo ya rufe. Wanda zai gaje ni, ni zan nemo shi. Ya zauna da mu wata uku, ya yi wanka, ya yanko ganye, ya ba shi mazarƙwaila da hannunsa, har toron ya karɓe shi don kansa. Ba ƙarti, ba karɓa. Ka faɗa a gaban Dakta da mutanen nan."

Mudalali ya yi wata gajeruwar magana da Turanci.

"A'a. Faɗa da yaren da toron ma yake ji."

Ya faɗa. Ɗaya bayan ɗaya Kelu ya sa shi ya maimaita, kamar mai biya wa yaro karatu, Dakta tana rubutawa a littafinta. Da ya gama ya juya ya shige motarsa ya buga ƙofa. Vasu da ƙartin ban ma ga lokacin da suka sulale ba.

Sai a lokacin Kelu ya ɗaga sandar. Kusan awa uku tana jingine. Govindan ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta tayar da ƙura, ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya riƙe ta a sama tana karkarwa. Ashe tun ɗazu abin da yake so ya yi ke nan. Ya miƙo hanci ya shafa kan Kelu, ya shafa fuskarsa, ya dawo kan idon da aka yi wa aiki ya tsaya a nan. Na sunkuya na ɗauki makullina a cikin laka, zuciyata fes, ina jin kamar ni na ci yaƙi.

"Yaya Kelu," na ce, "wallahi yau na ga abin da zan ba jikokina labari. Ban taɓa ganin haƙuri irin na dabbar nan ba. Ba sarƙa, ba igiya, don kai kawai ya tsaya!"

Ya juyo ya dube ni, na ga idonsa ya yi ja.

"Don ni? Kana ina lokacin da na karɓe shi? Ni ma da ƙarti na zo, mu shida. Kwana bakwai. Duk sanda sandar nan ta faɗi, sai mun dake shi har hannu ya gaji, mu sake jinginawa. Ran na bakwai ta daina faɗuwa." Ya goge fuska da tawul ɗin kafaɗarsa. "Abin da na sa masa a ciki ran nan, shi na ɗaure shi da shi yau, yana tsaye a kan ciwo ƙuda na cin sa. Ba ni da wata dabarar ne. Kada ka ƙara kiran wannan haƙuri a gabana, Haidros."

Murnar ta zube, wani baƙin ciki ya maye wurinta, har yau bai bar ni ba.

Ya miƙo mini sandar. "Jefa ta bayan kujera. Wanda zan kawo ba zai gaji wannan ba."

Ya kama haure da hannu ɗaya ya ja toron zuwa mota, suna tafiya a hankali, tsoho da gurgu. Ya ɗaure ƙafa uku, ya naɗe ta huɗun da tsumma mai gangamau, ya hau baya ya zauna a gindinta maimakon ya shigo gaba kamar kullum. Ya buga jikin mota.

"Tuƙa a hankali. In ka faɗa rami ɗaya da ƙafar nan, ni da kai ne."

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa gida, na yi ta a awa uku da rabi. Motocin haya suka yi layi a bayana har ba a ganin ƙarshensu, suna ta danna oda, kwandastoci na leƙowa suna zagin uwata da ubana. Na fito da hannu ta taga na rama wa kowa nasa, ban ƙara wuta ba, ban kuma kauce wa kowa ba.